Kwanon Zogalen Sa'ida

Ranar da likita ta ce wa Alhaji Mikail idan bai zubar da kilo shida cikin wata uku ba za ta ɗora shi a kan allurar sukari ta kullum, sai ya shiga lalubar kujerar da zai zauna, can ya tuna ai a zaune yake. Mutumin da ya shekara talatin yana sayar da robobi a Ƙofar Wambai, wanda ko ranar da wuta ta kama shagon maƙwabcinsa bai girgiza ba, shi ne gumi ya jiƙa wa hula. Rabonsa da allura tun rigakafin tafiya Hajji, kuma ranar sai da ma'aikata biyu suka danne shi yana ta kalmar shahada.

Matarsa Sa'ida, da ke tsaye a bayansa riƙe da katin asibiti, ita ba allurar ce ta tsorata ta ba. Ta san abin da ke biyo bayan allura idan mai ciwo ya ƙi ji. Mahaifinta, marigayi Malam Ashafa, da babban yatsan ƙafa sukari ya fara masa, bai tsaya ba sai da aka yanke ƙafar daga gwiwa. Tun a cikin adaidaita sahu a hanyar komawa gida ta yanke shawarar cewa ko ana ha maza ha mata sai tumbin nan ya sauka.

'Yarsu Zaituna, da ke aure a Dukawuya, ita ta zo ta saka musu wata manhaja ta rage ƙiba a waya. Aikinta mai sauƙi ne: duk abin da mutum zai ci sai ya ɗauki hotonsa, ita kuma ta lissafa kalori nawa ke ciki. Idan bai wuce ƙa'idar ranar ba ta nuna kore, idan ya wuce ta nuna ja. Tana kuma ƙirga takun da mutum ya yi a yini. Zaituna ta haɗa wayar babanta da ta mamanta, ta yadda duk hoton da ya ɗauka zai faɗo wa Sa'ida nan take. Tun daga ranar Alhaji ya raɗa wa manhajar suna Magulmaciya.

Magulmaciya dai ba 'yar Kano ba ce, wannan a fili yake. Da aka nuna mata tuwon shinkafa sai ta ce dankalin turawa ne aka dama. Ɗanwake ta ce namomin kaza ne. Da aka zo kan miyar kuka kuwa, sai ta yi ta juya wani ɗan zobe a fuskar wayar, can ta rubuto cewa a tabbatar wannan abin na ci ne. Sa'ida ta ji haushin wannan magana har cikin ranta, don miyar kukarta ba abin da za a yi wa wannan tambaya ba ne. Amma ta daure, ta zauna kwana biyu tana koya wa wayar sunayen abinci ɗaya bayan ɗaya, tana auna mai da cokalin shayi, har suka fahimci juna.

Abin da suka daidaita a kai shi ne kunun alkama ba sukari da safe, faten wake da alayyafo da rana, wanda Alhaji ke tafiya da shi kasuwa a kula, da yamma kuma kwaɗon zogale da dafaffen kabeji, ƙuli kaɗan, mai rabin cokali. Ita kanta Sa'ida da ta ɗanɗana sai da ta nemi gafarar Allah.

To lungunsu na Yakasai lungu ne da ba a cin abincin yamma a ɗaki. Tun zamanin iyayensu, da an sallame sallar magariba magidanta shida na lungun za su shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Malam Ɗayyabu, malamin firamare, kowa a kawo kwanon gidansa, a buɗe, a yi ciyayya, hannun kowa a kwanon kowa. Matan lungun ba su taɓa zama a tabarmar nan ba, amma sun fi mazan sanin abin da ke faruwa a kanta, don kwano ne ke kawo musu labari. Idan ya dawo a suɗe, mace ta kwana da farin ciki. Idan ya dawo da saura, ta kwana tana tunanin inda ta yi kuskure. Shekara ashirin da shida kwanon Sa'ida bai taɓa dawowa da ko loma ɗaya ba, kuma tana alfahari da haka, ba ta ɓoyewa.

Don haka ranar farko da ta miƙa wa Alhaji kwanon zogale tana fargabar kada ya dawo da saura. Shi da kansa ya ce zai riƙa ɗauka, wai don Magulmaciya ta ƙirga masa taku. Taku arba'in da uku ne daga ƙofarsu zuwa tabarmar.

Ba a jima ba wayarta ta yi ƙara. Ga hoton kwano, ga kore shar. Da ya dawo ta buɗe murfi, kwano tas kamar an wanke.

"Alhaji, ya shiga?"

"Ai kin ga kwano," in ji shi, yana sakace.

Haka aka yi ta tafiya. Kullum hoto, kullum kore, kullum kwano a suɗe. Magulmaciya har wasu 'yan taurari ta fara aiko masa, tana cewa ya yi kwana ashirin a jere bai karya doka ba, jarumi ne. Sa'ida ta ji tausayin mijinta ya kama ta, har ta fara ƙara masa ƙuli rabin cokali a ɓoye ba tare da ta gaya wa wayar ba, sannan ta kwana tana jin kamar ta yi sata.

Sikeli ne kawai ya ƙi shiga wannan murna. Kowace Juma'a da safe Alhaji zai hau. Da kilo ɗari da huɗu aka fara. Sati na biyu, ɗari da biyar. Alhaji ya ce hula ce, ya cire, sikeli bai motsa ba. Sati na huɗu, ɗari da shida, ya ce daɓen tsakar gidan ne ya karkace, aka kai sikeli ɗaki, aka kai zaure, aka ɗora shi a kan tabarmar salla, yana nan a kan bakansa. Sati na bakwai da ya nuna ɗari da bakwai, Alhaji ya sauko a fusace ya ce shi ɗan kasuwa ne, ya san irin waɗannan kayan, rubutun kwalin ma kaɗai ya isa ya nuna jabu ne.

Sa'ida ta rasa wanda za ta gaskata. Waya ta ce jarumi ne, sikeli ya ce ba haka ba. Saura sati biyar su koma wurin likita, kuma tsoro ya fara hana ta sakewa. Tana zaune a kan keken ɗinkinta sai ta tsinci kanta tana kallon ƙafafun Alhaji idan yana alwala.

Wata Talata da hantsi tana farke gefen wani kaftaninsa da ya matse shi don ta buɗa, sai ga 'Yardada, matar Malam Ɗayyabu, ta yi sallama da ƙunshin kaya a hammata, idanu jawur.

"Yaya Sa'ida, rigunan Malam ne na kawo ki rage mini. Inci uku-uku kowane gefe."

"Ikon Allah. Ni kuma inci uku nake ƙarawa. Lafiya yake?"

Kamar jira take a tambaya, sai hawaye. "Yaya, Malam ƙarewa yake. Dama yaya lafiyar jikin, yanzu kuwa zariyar wandonsa sau biyu take zagaye shi. Shekaranjiya yana rubutu a allo agogonsa ya zame ya faɗo har gwiwar hannu, ɗalibai suna dariya. Mun je asibiti an auna komai, wai lafiyarsa ƙalau, hawan jinin da yake fama da shi ma wai ya sauka. Yo wace irin lafiya ce mutum yana zama kamar sillen kara? Gwaggonsa ta ce hannu aka sa masa, har rubutu ta karɓo."

"Ba ya cin abinci ne?"

"Da safe shayi kawai, kin san shi. Da rana sai abin da ya samu a makaranta. Abincin yamman nan shi ne abincinsa, kuma kullum kwanona a suɗe yake dawowa. Jiya miyar taushe na yi da man shanu, ko ɗigo bai dawo ba. Amma abin da ya ɗaure mini kai, Yaya, idan ya yi gyatsa warin kabeji nake ji. Ni kuwa rabona da sayen kabeji tun bikin ƙanwata. Ga wani ganye-ganye da nake gani a haƙoransa."

Sa'ida ta dakata da farke ɗinkin. A hankali ta juyo hannun kaftanin Alhaji na dama, wanda ya saka jiya. A bakin hannun akwai wani tabo ruwan ɗorawa, mai maiƙo. Ta kai hanci. Man shanu ne, da kabewa, da wata daddawa mai ƙarfi da duk lungun aka san gidan da ake saka ta. Ta miƙa wa 'Yardada.

'Yardada ta shinshina ta ce, "La ilaha illallahu. Miyata ce."

Da magariba ta yi, Sa'ida ta miƙa wa Alhaji kwanonsa kamar kullum, har da yi masa a ci lafiya. Yana fita masallaci ta zari mayafi ta shige gidan 'Yardada, su biyu suka laɓe a zaure bayan asabari, inda tabarmar ciyayya take a gabansu kamar a faranti.

Maza suka hallara. Alhaji Mikail ya buɗe kwanon zogale, ya gyara masa zama ta inda hasken fitila ya fi kyau, ya ɗauki hoto cikin natsuwa irin ta mai cika alƙawari. Wayar Sa'ida ta yi ƙara a cikin mayafi, ta yi maza ta danne ta. Sannan ya tsinci ganye ɗaya tak da yatsa biyu, ya yi bisimilla ya kai baki. Daga nan ya sa bayan hannu ya tura kwanon gefe, ya naɗe hannun riga, ya fuskanci tuwon gidan Alhaji Nura. Daga can ya zarce dambun gidan Abdulbaqi tela, ya biya ta kan shinkafa da wake mai manja, ya sauka a kan miyar 'Yardada. Sauran mazan kuwa kowa ya ɗauke kai daga kwanon zogalen kamar ba su taɓa haɗuwa ba.

Sai Malam Ɗayyabu. Ya dubi kwanon, ya dubi tuwon matarsa da ke tururi, ya yi ajiyar zuciya. Ya jawo zogalen gabansa ya fara ci, loma bayan loma, ido a rufe, yana korawa da ruwa. Kafin ya kai ƙasan kwanon an riga an share sauran biyar ɗin. Ya suɗe gefe-gefen da yatsa, ya rufe, ya miƙa wa Alhaji Mikail.

Sa'ida ta ji kamar ta banke asabarin ta fita da taɓarya. 'Yardada ce ta riƙe mata mayafi.

Da aka watse Malam Ɗayyabu ya shigo zaure da tabarma a kafaɗa, ya yi turus da ya ga mata biyu a tsaye.

"Malam, ina wuni," in ji Sa'ida. "Don Allah tambaya ɗaya. Alhaji ne ya sa ka?"

"Wallahi Hajiya bai taɓa ce mini uffan ba." Ya sunkuyar da kai. "Ranar farko na ga an tashi kwanonki na nan a cike. Na ce kwanon da bai taɓa komawa da saura ba, ba a ƙofar gidana zai fara ba. Shi ke nan sai ya zama kullum."

"Sati bakwai, Malam? Abin da ni da na dafa ba na iya ci?"

"Ai shi ma ya yi mini." Yana faɗa ya gane ya yi suɓul da baka, ya saci kallon matarsa.

"Ya yi maka me?" in ji 'Yardada.

"Babu komai. Tsohon zance ne."

"Malam, ya yi maka me?"

Ya ajiye tabarmar. "Lokacin da kika tare. Kin san a lokacin hannunki bai... bai gama faɗawa ba. Tuwon yakan zo da 'yan gudaji. Miyar kuma wata rana gishiri ya yi gaba, wata rana ya tsaya a gida. Mutane suka riƙa zagaye kwanon. Alhaji Mikail ne ya riƙa jawo shi gabansa yana cinyewa, don kada ya dawo miki da saura ki yi kuka."

"Kwana nawa?"

"Wata bakwai."

'Yardada ta dafe ƙirji. "Wata bakwai! Ni da nake aika wa Innarmu saƙo cewa duk Yakasai ba a taɓa ganin amarya mai hannuna ba? Har ƙara yawan tuwon na riƙa yi saboda na ga ana so!"

"Ya gaya mini," in ji Malam Ɗayyabu a hankali. "A lokacin ne ma tumbin nasa ya fara fitowa."

Sa'ida ta so ta ci gaba da fushi, amma dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har da riƙe bango, sannan dariyar ta juye ta zama hawaye. Mutumin kirki ne mijinta, ga shaida ta ji da kunnenta, kuma kirkin nan da ciyayyar nan su ne za su kai shi inda suka kai mahaifinta.

Da ta koma gida ta karɓi kwanon mijinta kamar kullum. Washegari tun da hantsi ta shiga gidajen lungun ɗaya bayan ɗaya, wayarta a hannu, har Magulmaciya ta aiko mata da tauraro saboda yawan taku. Ta zaci sai ta yi roƙo. Ashe kowace mace da nata a ciki. Matar Alhaji Nura ta ce mijinta kwalbar maganin hawan jini uku gare shi, yana sha yana ɗora man shanu. Matar Abdulbaqi ta ce nata sai ya ja numfashi sau biyu kafin ya ɗaura takalmi. Aka zauna a tsakar gidan 'Yardada aka nuna wa wayar tukwane, tana ta kiran dambu da sunan abincin tsuntsaye.

Da magariba Sa'ida ba ta je laɓe ba, tana zaune a kan kekenta ta ji komai, don lungun ba shi da faɗi. Ta ji ƙarar murfi na farko, sai shiru. Murfi na biyu, wani ya ce, "A'a." Na uku, muryar Alhaji Nura: "Jama'a, akuya aka mayar da mu ne?" Zogale, rama, faten acha, kabeji, alayyafo. Kwano ɗaya ne kawai mai tuwo da miyar taushe da man shanu yana ninƙaya, an ɗaure shi da ƙyalle, an manna takarda da rubutun 'Yardada: Na Malam Ɗayyabu ne shi kaɗai, muna kallo.

Alhaji Mikail ya shigo gida ko sallamar kirki babu, kwano a hannu, ya dire shi a gabanta. A cike yake. Karo na farko cikin shekara ashirin da shida.

"Sa'ida, ni za ki tara wa matan unguwa? Ni na yi miki ƙarya? Waya ta ce in ɗauki hoton abincina, abincina na ɗauka! Na gidan Nura nawa ne? Na gidan Ɗayyabu nawa ne? Wannan ai zumunci ne, ba abinci ba. So kike maƙwabci ya buɗe kwano in ɗauke hannu, a ce na raina girkin iyalinsa?"

Ta tabbata har zuciyarsa ya yarda da abin da yake faɗa, shi ya sa ba ta yi musu ba. Ta jawo aljihun keken ɗinki na ƙasa, ta zaro wani abu a naɗe da tsohon ɗankwali, ta warware ta ajiye kusa da kwanon. Takalmi ne na fata, sau-ciki, ƙafar hagu, ƙwaya ɗaya, sabo fil, ko ƙura bai taɓa takawa ba.

"Na Baba ne," ta ce. "Kai ka saya masa da ƙaramar salla, ka tuna? Sati biyu kafin a shiga da shi tiyata. Na daman ya saka har ya tsufa. Wannan ya ce in ajiye, wai ko za a samu mai buƙatar na hagu." Ta shafa takalmin. "Tsoro nake ji, Alhaji. Kullum kana alwala ƙafarka nake kallo. Ba na son in ajiye naka."

Alhaji ya tsaya kamar an dasa shi. Ya zauna a bakin tabarma, ya rasa inda zai sa hannunsa, sai ya zaro waya don sabo, ya saita kwanon. Takalmin ya shiga hoton. Zoben nan ya yi ta juyawa, can Magulmaciya ta rubuto: zogale da gasasshen kifi, ka yi zaɓi mai kyau.

Sa'ida ta leƙa ta gani, ta yi wata irin dariya mai haɗe da majina. Shi bai yi dariya ba. Ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya kai loma ta farko cikakkiya. Ya tauna, ya tauna, fuskarsa ta tattare.

"Wannan Ɗayyabu ya ci sati bakwai?"

"Har da suɗe kwano."

"Allah Ya saka masa da Aljanna," in ji shi, ya kai ta biyu. "Ni nawa tuwon ko ba komai akwai gishiri wata rana."

Ranar komawa asibiti sikelin likita ya nuna ɗari da biyu. Kilo shidan ba su cika ba, ko kusa, amma sukarin ya sauka, kuma da Sa'ida ta ba ta labarin daga ɗari da bakwai aka gangaro, likita ta yi dariya ta mayar da allurar cikin aljihun tebur ta ce a ƙara wata biyu. Alhaji bai ɗauke ido daga aljihun nan ba sai da ya ji ya rufu.

Mazan lungun sun yi yajin kwana uku suna zuwa wurin mai tsire a ɓoye, sannan suka gaji suka dawo tabarma, aka daidaita a kan tuwo ranar Juma'a, mai cokali ɗaya. Kwanon Malam Ɗayyabu mai man shanu kuwa Sa'ida ta karɓi girkinsa har sai rigunansa sun koma daidai, kuma Alhaji Mikail ne ke kai masa da hannunsa, taku arba'in da uku, ƙamshi na dukan hancinsa. Idan ya dawo, kafin ta tambaya yake miƙo mata hannun rigarsa na dama ta shinshina.